Samari da 'Yammata: Shaye-shaye da Cutar da Kai

Wannan darasi an shirya shi ne domin Hakimai da Malamansu, musamman na ƙasar Bici, inda gari ke kusa da gari, gona kuma na haɗe da gona. A irin wannan ƙasa labarin yaro ba ya ɓoyuwa, amma na yarinya yakan tsaya a bayan zaure. Saboda haka wajibi ne a san yadda damuwa take bayyana ga kowannensu.

SAMARI

Tun 2000 Shari'a ta hana sayar da giya a Jihar Kano, a 2003 kuwa aka kafa Hukumar Hisba bisa doka. Amma hana giya bai kashe maye ba, gama masu sha sun koma ga tabar wiwi da ƙwayoyi. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, watau na 2018, ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna shaye-shaye, kuma cikin kowane huɗu, uku maza ne. Saurayi yakan sha cikin abokai, a tasha ko bayan kasuwa, sa'an nan ya ta da faɗa ko ya yi haɗari a kan babur. Nasa kowa na gani.

'YAMMATA

Ɗayan nan da ta rage cikin huɗu mace ce. Ita takan sha a ɗaki, galibi maganin tari mai kodin, wanda Gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayu 1918 da ɗari, watau 2018. Likitoci a ƙasashe da yawa sun tabbatar 'yammata sun fi samari yawan cutar da jikinsu idan baƙin ciki ya yi musu yawa, amma maza sun fi mutuwa ta wannan hanya. Auren dole, da gori, da tsangwamar gida suna daga cikin abin da ke kai yarinya ga haka.

HAƊARIN ƘASAR NOMA

A ƙauye maganin ƙwari na gona da na ajiyar wake yana kusa da hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu da irin wannan guba suke yi. Sau da yawa fushin sa'a guda ne, in yaro bai sami guba a lokacin ba, sai zuciya ta huce. Ƙasar Siri Lanka ta hana magunguna mafi ƙarfi, daga 1995 mutuwar ta ragu da kimanin kashi 70 cikin 100.

ABIN DA AKE BUKATA

1. Dagatai da Masu Unguwa su gargaɗi magidanta su kulle maganin ƙwari, nesa da ɗakin girki.
2. A sa unguwarzoma da dattijan mata su riƙa kawo labarin cikin gida a asirce.
3. Wanda ya sha guba a kai shi asibiti nan take, kada a tsaya ba shi manja ko madara.
4. Mai shaye-shaye ko baƙin ciki mai tsanani a kai shi ga likita. Asibitin Dawanau yana kan hanyar Bici zuwa Kano.
5. Malamin Hakimi ya rubuta maza dabam, mata dabam, ba tare da bayyana suna ba, domin kunya ita ke hana iyaye kawo ƙara.

Hakimi uban ƙasa ne, 'ya'yan talakawansa kuwa amana ce a hannunsa.