Darasi na 14: Haruffan Hausa a Shafin Intanet

Ɗalibai, a ce makarantarku ta buɗe shafin intanet, aka ɗora muku rubuta sashen Hausa. Kun rubuta, "Muna maraba da baƙi." Da aka buɗe shafin a waya, sai harafin ƙ ya ɓace, wani ɗan akwati ya fito a gurbinsa. Idan kuka kauce wa matsalar kuka rubuta k, to baki kuka yi wa maraba, ba baƙi ba. Haka nan kafa daban take da ƙafa, kare kuma daban da ƙare. Wannan darasi zai nuna muku yadda ake magance wannan matsala.

Yadda ake gina shafi

Tim Berners-Lee, ɗan ƙasar Ingila, shi ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a shekarar 1989, lokacin da yake aiki a cibiyar bincike ta CERN. A yau ana gina shafi da abubuwa uku, kamar ginin gida. HTML shi ne harsashi da bango, wato kanun magana da sakin layi da hotuna. CSS shi ne shafe da fenti, wato launi da girman rubutu. JavaScript kuwa shi ke sa shafi ya amsa idan an taɓa maɓalli.

Asalin matsalar

Tsohon tsarin rubutun kwamfuta mai suna ASCII alamomi 128 kawai gare shi, kuma babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsu. A shekarar 1991 aka fitar da tsarin Unicode, wanda yake ba kowane harafi lambarsa, har da haruffan Hausa masu lanƙwasa. A 1992 kuma aka samar da UTF-8, hanyar adana waɗannan lambobi. Yawancin shafukan duniya da ita suke aiki yanzu.

Matakai uku

1. Ku bayyana a saman shafin cewa da UTF-8 aka rubuta shi.
2. Ku sa alamar harshe. Ta Hausa ita ce "ha". Tana taimaka wa na'ura ta gane harshen shafin.
3. Ku zaɓi salon rubutu mai ɗauke da haruffan. Noto na kamfanin Google da Andika na ƙungiyar SIL duk kyauta ne. Idan na'ura ta rasa salon da yake da harafin, a nan ne ɗan akwatin nan yake fitowa.

Kayan aiki

Manhajar Gboard tana da allon rubutu na Hausa a waya. Da Figma ake zana fasalin shafi kafin a gina shi. Visual Studio Code, wanda ya fito a 2015, wurin rubuta umarnin ne. Wanda bai iya rubuta umarni ba yana iya amfani da WordPress. Tun daga 2010 kuma aka yaɗa dabarar gina shafi mai daidaita kansa da girman kowane allo. Saboda haka ku gwada aikinku a ƙaramar waya, ku kuma rage nauyin hotuna don kada su cinye wa mai karatu data.

Ma'anar kalmomi

gurbi: wurin da abu yake zama
harsashi: tushen gini
lanƙwasa: tanƙwarar da ke kan harafi
manhaja: tsarin aiki na waya ko kwamfuta

Tambayoyi

1. Mene ne aikin CSS?
2. Me ya sa ɗan akwati yake fitowa a gurbin ƙ?
3. Wace alama ce ta harshen Hausa?

Aikin gida

Ku gina jimla da kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi: daka, ɗaka, bari, ɓari. Ku rubuta jimlolin a waya, sannan ku duba ko kowane harafi ya fito daidai.