Kwalekwalen Kawu da Lissafin Aljabara

A jarrabawar zangon da ya wuce na yi asarar maki goma a kan tambaya ɗaya tak, ta gudun jirgi da gudun ruwa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin a bakin Kogin Haɗejiya aka haife ni, kawuna kuma masunci ne. Ina tsammani abin da ruwa ya ƙara wa jirgi a tafiya shi zai rage masa a dawowa, a tashi babu ci babu asara. Ashe ba haka ba ne.

Da aka yi hutu na bi Kawu su, na ɗaura agogo. Muka gangara gabas, inda ruwan ya nufa wajen fadamun Nguru, tafiyar da za mu ƙaddara kilomita 12 ce. Awa 2 ta kai mu, amma dawowa sai da muka ci awa 3.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ga yadda ake warware ta. A kira gudun kwalekwale a ruwa tsayayye x, gudun ruwa kuma y. In kana bin ruwa yana tura ka, watau x + y = 12 ÷ 2 = 6. In kana gaba da shi yana danne ka, watau x − y = 12 ÷ 3 = 4. Haɗa layukan biyu, sai y ta ɓace: 2x = 10, x = 5. Saboda haka y = 1.

Yanzu ga inda na faɗi. Da a tafki muka yi kilomita 24 ɗin nan, da gudun 5 a awa, awa 4 da minti 48 sun ishe mu. Kogi ya ci mu awa 5, domin awa 2 kawai ya taimake mu, alhali kuwa ya yi awa 3 yana danne mu.

Na ce, "Kawu, in ruwa ya cika a watan Satumba, y ta kai 3 fa? Zuwa awa 1 da rabi, dawowa awa 6!"

Ya yi dariya ya ce, "Ni ban san y ɗinka ba, ɗana. Amma ran da ruwa ya yi irin wannan ƙarfi, da guzurin kwana nake fita."