DARASI: Yadda Ɗan Kasuwa Zai Riƙe Abokan Cinikinsa

Ya 'yan'uwa Musulmi, garin Dirku zango ne tsakanin Agadas da Libiya. Yayin da aka zartar da dokar 2015 kan safarar baƙin haure, matafiya suka ragu, ciniki ya ja baya, har aka soke ta a 2023. Abin lura a nan: baƙo mai wucewa ne, amma mutanen gari da direbobi masu dawowa su ne jarin mai shago. To, ta yaya za a riƙe su?

Na farko, cika mudu. Suratul Muɗaffifin ta yi wa masu tauye awo kashedi mai tsanani.

Na biyu, bayyana aibin kaya. Kada a ɗora dabino mai kyau bisa lalatacce, domin Shari'a ta ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye aibinsa.

Na uku, kada a tsauwala wa baƙo farashi. Direban da aka cuta a Dirku zai ba da labari a tashar Agadas.

Na huɗu, rubuta bashi kamar yadda Suratul Baƙara ta umarta, kuma a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci.

Allah Ya sa albarka cikin nemanmu, amin.