Tardigrada: Dabbar Da Ke Bushewa Ta Farfaɗo

Fataken da ke sauke albasa da barkono a Kasuwar Ose Okwodu ta Anaca, a bakin Kogin Kwara, sun saba ganin gansakuka a jikin tsofaffin ginine da damina. A cikin irin wannan gansakuka ne ake samun wata 'yar dabba wadda tsawonta bai cika wuce rabin milimita ba, sai da madubin ganin ƙananan halittu ake iya duba ta sosai. Wani Bajamushe, Johann Goeze, shi ya fara bayyana ta a 1773. Daga baya Spallanzani, mutumin Italiya, ya raɗa mata suna Tardigrada, watau mai tafiya sannu-sannu.

Masana sun ware mata babban gida nata na kanta a cikin dabbobi, ko da yake tana da dangantaka da ƙwari da gizo-gizo. An san iri fiye da 1,300, akasarinsu a manyan rukuni biyu. Heterotardigrada, da yawansu suna da sulke a baya. Eutardigrada kuwa fatarsu sumul take.

Jikinta kai ne da gaɓoɓi huɗu, kowace gaɓa da ƙafa biyu, ƙafafu takwas ke nan, yawanci da farata. Ba ta da huhu, ba ta da zuciya. Ta fata take shan iska. A bakinta akwai tsinke biyu masu kaifi, da su take huda tsiro ko wata ƙaramar halitta ta tsotse ruwan ciki. Ba ta cizon mutum, ba a kuma san ta da kawo cuta ba.

Idan rani ya yi, sai ta janye ƙafafunta, ta dunƙule, kusan dukan ruwan jikinta ya fita. Busasshen kifi ba ya komawa kogi, amma ita da zarar ruwa ya taɓa ta sai ta motsa. A 2007 an kai waɗansu sararin samaniya, suka yi kwana goma a fili, waɗansunsu suka rayu.

Saboda haka masana ke binciken abin da ke kare jikinta, ko a samu hanyar adana allurar rigakafi ba tare da firji ba. Ga ƙauyukan da ba su da lantarki, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ya kamata malamai su nuna wa ɗalibai ita: a jiƙa gansakuka ta kwana, a matse ruwan, a duba ɗigo ɗaya a madubin.