Injin Kafinta Mai Aiki da Yawa: Amfani da Shi, Kula da Shi da Yi Masa Kwaskwarima

Gabatarwa

A darasin fassara na zangon da ya wuce, malaminmu ya umarci kowane ɗalibi ya zaɓi sana'a ɗaya ya bayyana ta da Hausa. Ni na zaɓi aikin kafinta, domin mahaifina yana da ƙaramin shago a bayan gidanmu a Ibadan, inda yake aikin katako tun da ya yi ritaya. Ba da Hausa na tashi ba, a makaranta na koye ta. Saboda haka yawancin kalmomin aikin na samo su ne daga bakin wani dattijon kafinta mazaunin Sabo, abokin mahaifina. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan injin da ke shagon namu, da kuma darasin da ya koya mini.

Wane Irin Inji Ne?

Inji ne guda ɗaya mai yin aikin injuna huɗu ko biyar. Akwai iri biyu da suka shahara. Na farko shi ne na Amurka mai suna Shopsmith, wanda Hans Goldschmidt ya ƙirƙiro, aka fara sayar da shi a 1947, sannan samfurin Mark V ya fito a 1953. Yana yanka, yana huda a tsaye da a kwance, yana gogewa da faifan sanfefa, yana kuma juya itace a sassaƙa shi, kamar ƙafar kujera. Na biyu shi ne na Turai, irin namu, wanda mahaifina ya saya na hannu. Yana da zarto mai juyawa, da wuƙaƙen kankare katako ya yi sumul, da sashen daidaita kauri, da na huda ramin haɗi.

Amfaninsa a fili yake: ba ya cin wuri, kuma ya fi sayen injuna huɗu araha. Matsalarsa ita ce duk lokacin da za a koma wani aiki, sai an kwance wani abu an ɗaura wani. A wajen wannan sauyin ne haɗari yake ɓuya.

Yadda Ake Amfani da Shi

Da farko, tsara aikinka. Idan mun sayo katako daga kasuwar Bodija, mukan kankare su duka, mu daidaita kaurinsu duka, sannan mu koma yanka, huda kuma ta zo ƙarshe. Wanda ke tsalle daga wannan aiki zuwa wancan, a kwancewa da ɗaurewa yininsa zai ƙare.

Na biyu, cire filogi daga bango kafin ka taɓa zarto ko wuƙa. Kashe makunni kawai bai isa ba, musamman a ƙasar da wuta ke ɗaukewa ta dawo ba sallama.

Na uku, kada zarto ya ɗara kaurin katako sai da kaɗan, kamar tsawon haƙori ɗaya. Idan katakon siriri ne, tura shi da sanda, kada yatsunka su kusanci zarto.

Na huɗu, wajen kankara ka riƙa cire milimita 1 ko 2 a kowane wuce. Kada ka kankare guntun da bai kai santimita 30 ba. Tsohon katako kuma a duba shi da kyau, domin ƙusa ɗaya tana iya lalata wuƙaƙe duka.

Yadda Ake Kula da Shi

Kowace yamma mukan share dusar katako, musamman wadda ta taru a jikin motar injin, domin tana hana ta shan iska, sai ta yi zafi. Da damina, laima kan sa teburin ƙarfen ya yi tsatsa, don haka muna goga masa kaki. Ba ma shafa baƙin mai, saboda yana ɓata katako. Idan ƙaron itace ya manne wa zarto, mukan wanke shi da kananzir.

A duba bel lokaci-lokaci. Idan ka danna tsakiyarsa da yatsa, ya kamata ya lotsa kamar santimita ɗaya. In ya yi sako-sako zai riƙa zamewa, in ya yi tauri da yawa zai kashe boris. Boris da ya fara kuka ko zafi, a canza shi. Zarton da ya dakushe kuwa a kai shi wasawa, domin yana ƙona katako, yana kuma sa mutum ya tura da ƙarfi. Kai ma ka kula da kanka: ƙurar itacen loko tana sa ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi, saboda haka a rufe hanci da baki.

Kwaskwarima

Mun yi wa injinmu gyare-gyare uku masu amfani. Mun sa masa tayoyi masu birki, mun ƙara tebur a bayansa don tallafe dogon katako, mun kuma sa babban makunni wanda ake iya kashewa da gwiwa.

Wanda zai taɓa mota sai ya yi lissafi. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, mai bugu 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa bolt 120 ce, mai bugu 60. Taransifoma tana gyara ƙarfin wuta, amma ba ta gyara bugun. Don haka motar Amurka mai juyi 3,450 a minti za ta sauko zuwa wajen 2,875 a nan. Wasu sukan canza fuli don maido da gudun. Ga lissafin: ninka juyin mota da faɗin fulinta, ka raba da faɗin fulin zarto. Misali, 2,875 sau 100, a raba da 75, ya ba da kimanin 3,833. Kada wannan adadi ya wuce wanda aka rubuta a jikin zarton.

Akwai kuma kwaskwarimar da ba a yi. A bayan zarto akwai wani siririn ƙarfe a tsaye, wanda ke hana katakon da aka tsaga ya sake matsewa. A hutun bara na cire shi tare da murfin zarto don in yi ɗan tsagi a jikin wani katako, na tafi cin abinci ban mayar ba. Baba ya zo ya ɗora ɗanyen malaina. Katakon ya matse zarton, zarton ya harbo shi baya, ya bugi Baba a haƙarƙari. Wata guda bai yi aiki ba, kuma aikin teburan da aka ba shi ya koma hannun wani. Da dattijon nan ya zo dubiya, sai ya ce mini, "Ɗana, duk abin da ka kwance, kai ke da alhakinsa har ka mayar." Na ce, "Na ji, Baba." Tun daga ranar, duk abin da aka cire daga injin, a kan makunni muke rataye shi.

Abin Lura ga Ɗalibin Harshe

Kalmar "mota" a bakin masu gyara tana iya nufin na'urar lantarki mai juya inji, ban da motar hawa. "Bel", "fuli", "boris" da "sanfefa" kalmomin aro ne da suka bi tsarin furucin Hausa, alhali "wuƙa" da "tsatsa" na gida ne. A lura kuma da bambancin "ya yanka katako", "ya yanke katako" da "ya yanko katako". Na farko aikin ne kawai, na biyu ya raba shi gaba ɗaya, na uku ya yanka ya kawo nan.

Kammalawa

Mun ga cewa injin nan yana sauƙaƙa aiki ga mai ƙaramin shago, muddin ya tsara aikinsa, ya kula da injin, kuma bai raba shi da kayan kariyarsa ba. Ina shawartar 'yan'uwana ɗalibai, kowa ya je wurin mai sana'a ɗaya a unguwarsu, ya tattaro kalmomi goma na aikinsa, ya aiko wa wannan mujalla tamu.