Hadarin Gabas Ya Haɗo: Gargaɗi ga Mutanen Ƙonni, Malbaza da Illela

A wasu ƙasashe, hadarin ƙarshen sanyi dusar ƙanƙara yake zubawa a kan duwatsu. Mu duwatsun Adar ba sa riƙe komai. Abin da sama ta zuba musu, nan take suke sako shi cikin ƙoramar Maggiya.

Kada ka ratsa ƙorama don ka ga garinku a bushe. Ruwan da ya sauka can wajen Buza zai iya iske ka a Dogarawa alhali rana ta take. Ka tsaya a gaɓa, kai da amalankenka, ko da kasuwa za ta watse. Direba, da kai nake: fasinjojin da ke cewa "taka, za mu wuce" ba su ne za su ciro motar ba. Damunar 2024 ta ci ran mutum sama da 300 a Nijar, a ambaliya da rushewar gidaje.

Ka yaɓe soro tun watan Mayu. Ka gyara indararo, ka ƙara wa rufin kwano ƙusa, don iskar da ke riga ruwa zuwa ita ce mai kwashe rufi. Kada yara su kwana a gindin katangar da ta tsage.

Kada ka fake gindin gawo ko dogon yaro ana walƙiya. In tsakanin walƙiya da tsawa daƙiƙa 3 ne, aradun na nesa da kai kilomita 1 kacal. Aje hauya, shiga ɗaki.

Mai albasar Galmi, ka duba rufin rudunka yau, ba gobe ba. Albasa ba ta shiri da laima.

Sai batun iri, wanda nake maimaitawa kowace shekara har baki ya gaji. Kada ka juye irin hatsinka duka a ruwan farko. Masana aikin gona ba sa cewa damina ta kama sai an sami milimita 20 cikin kwana 3, kuma fari bai biyo baya ba. Mai binne ma ya rage na sake shuka. Ka tona da hannunka: in danshi bai yi zurfi ba, yayyafi ne ya kashe ƙura.

Kada a bar yara su je wanka a madatsar Mozage ko ta Zango in ruwa ya fara shigowa. Makiyayi kuma ya hau da garke tudu kafin magariba.