Fitowar da ba a yi wa laƙabi ba kamar ɓatacciya ce

Mu da muke aikin adana finafinai mun san inda gizo ke saƙar. Rajistar ma'ajiya tana ba ka sunan fim, darakta da shekara, amma mai bincike sau da yawa minti biyu kacal yake nema, misali inda aka yi kamun amarya ko inda aka nuno Kasuwar Kurmi. In ba a rubuta a minti na nawa wurin yake ba, sai ya kalli fim ɗin tun daga farko. Ma'aikatan ma'ajiya ba su da yawan da za su bi kowace fitowa, don haka nake ganin aikin nan sai an yi masa gayya.

An gwada hakan a ƙasar Holan. A 2009 cibiyar adana sauti da hoto ta ƙasar, da ke garin Hilversum, ta fito da wani wasa a intanet mai suna Waisda?, inda mutum ke kallon shirin talabijin yana rubuta abin da ya gani ko ya ji. Yana samun maki idan kalmarsa ta yi daidai da ta wani ɗan wasa cikin daƙiƙa 10. Nan ne amsar masu cewa jama'a shirme za su rubuta: da wuya mutum biyu da ba su san juna ba su haɗu a kan shirme ɗaya a lokaci guda. Gaskiya ne za a sami kuskuren rubutu da kalmomi marasa zurfi kamar "mota" da "mace", kuma gyaransu aikin ƙwararre ne. Amma da irin kalmomin nan ne mai nema yake nema.

Wasu kuma na cewa kwamfuta ta iya gane hoto yanzu, me zai sa a wahalar da mutane? Za ta iya cewa ga namiji da hula, ga mata a taro. Amma a finafinan bidiyo na Hausa, da suka taru tun daga Turmin Danya na 1990, bambanta zanna bukar da dara, ko kamu da buɗar kai, sai wanda ya tashi cikin al'adar. Su kuwa dattawan da za su ga titi ko fuskar wani tsohon ɗan wasa su ambaci sunansa nan take, kullum raguwa suke yi.